Kunnen Hagu

Rabe ya zo da la'asar sakaliya,
kaske a hannu, naɗe cikin tsohuwar hula,
kamar mai kai ɗan tsako a ɗaure masa ƙafa.
Ya ce, "Marar waya aka ce mini,
jikka arba'in na zuba,
ga shi gefe guda ya yi gum,
kuma jibi muna da ɗauka."

Marar waya! Na yi dariya.
Shekara ashirin da biyu ina rumfar nan
bakin hanyar Ɗan Isa,
ban taɓa buɗe abu na tarar ba jijiya ba.
Ɓoye ta suke yi,
yadda gulbi ke ɓoye ruwa
ƙarƙashin rairayi in rani ya yi tsakiya.

Kusa huɗu, kowace ƙwayar riɗi ta fi ta.
Na tara su a marfin kwalba.
Ga ta nan kwance, ta bi ta tsakar kai,
daga kunnen dama tana kai saƙo hagu,
kuma daidai gaɓar da yake lanƙwasawa
duk dare kafin ya cusa a jaka,
nan ta gaji.
Sili uku, ja da kore da ruwan zuma,
gezar masara ta fi su kauri.

Sai kuran ya tafi, kamar yadda ya saba,
ba sallama.
Tsahara, ɗiyata, ta riƙe fitilar salula,
na aika ƙarfena wurin Nomau mai shayi
ya kwanta a gawayi kusa da buta.
Da ashana na ƙone fentin silin,
na kankare da farce,
na riƙe numfashi.
Dalma ta narke, ta yi ƙwalla guda,
ta zauna inda na ce ta zauna.
Ja ya koma wa ja.
Na naɗe da zare, na ɗiga gam,
na bar wa gaɓar ɗan sarari
don gobe ma za a lanƙwasa.

Na sa a kaina. Kiɗansa ne ya taso:
gurmi a hagu yana tafiya da ƙafa,
murya a dama tana bin sa a hankali.
Har ƙarar kujerar ɗakin ɗauka na ji.
Na miƙa masa ina taƙama.

Ya sa. Ya rufe ido. Ya daɗe.
"Malam, har yanzu hagu shiru."

Tsahara ta dube ni.
Na karɓa, na juya kasken,
dama ta koma hagu, hagu ta koma dama,
na mayar masa da hannuna.
Gurmi ya shigo masa ta dama, ya yi murmushi,
murmushin bai kai ƙarshe ba.
Ya ɗaga yatsa ya taɓa kunnen nan
kamar mai ƙwanƙwasa gidan da ya sani
ya ji ba motsi.

Ya ce, "Shekara sha shida
lasifika na tsaye a wannan kafaɗa,
daga Tibiri har Madarunfa,
biki bayan biki."

Na ce, "Je asibiti da sassafe.
Wata sa'a dauɗa ce kawai, a wanke."
Na faɗa ne, ban san ko haka ne ba.
Turnabis ɗina bai da bakin wannan kusa.

Ya ajiye ɗari biyar. Na tura masa, ya turo.
Ya tsai da kabu-kabu,
yaron ya faɗi kuɗi,
Rabe ya juyo da kai gaba ɗaya,
ya ba shi dama.

Kuran ya dawo ana kiran magariba.
A kan tebur guntun silin da na yanke,
bai kai tsawon farce ba.
Tsahara ta zo da tsintsiya,
na ce ta bari tukuna.